Wa ya san 'yan ƙasidun labarai masu zanen fitila da ake yin fotokwafinsu a Kaduna?

Ɗan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma bari in fara da yadda abin ya faru. Ranar Asabar na je wajen wani dattijo mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, can gefen Kasuwar Gumi, ina nemar wa ƙanwata littafin lissafi. A gindin buhunsa sai na ga wani ƙunshi ɗaure da zare. Na zaci handawut ne na 'yan Poli. Da na kwance, ashe 'yan ƙasidu ne guda bakwai, kowace takarda huɗu ce aka ninke biyu aka soke da fin a tsakiya. Babu sunan maɗaba'a, babu farashi, babu shekara. A bangon kowace an zana fitilar ƙwai da biro, a ƙarƙashinta lamba: ta 2, ta 3, ta 5, haka har ta 11, da giɓi a tsakani. Ciki gajerun labarai ne na Hausa, wasu da tafireta, wasu rubutun hannu, duk fotokwafi. Ba wanda ya sa sunansa na yanka, kowa da laƙabi. Baba mai littafin ya ce a kayan wasu mutane da suka tashi daga gida ya same su.

Wallahi kwana na yi ina karatu. Akwai labarin wani ma'aikacin masaƙa a Kakuri da aka rufe musu wurin aiki, amma kunnensa ya saba da rugugin inji har ba ya iya barci sai ya murɗa rediyo inda babu tasha, yana jin shuuu. Wanda ya fi kama ni yana cikin ta 5. Gidaje biyu ne suka yi musaya bayan rikici, Musulmi ya koma arewacin kogi, Kirista ya koma kudu, kowa ya shiga gidan ɗan'uwansa. Bayan shekaru matar ɗayan ta tsallaka gada don ta ga bishiyar lemun da ta shuka a inda aka binne mabiyiyar ɗanta na fari. Tana ƙwanƙwasa ƙofa ke nan shafi na 6 ya ƙare. Daga 7 zuwa 10 babu.

Wa ya taɓa ganin irinsu? Su wa suka yi? Har yanzu ana yi?

Hafsy_Malali:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi, yanzu ka sa mu ma cikin wannan hali. An buɗe mata ƙofar ko ba a buɗe ba?

Abu_Safwan:
Ƙanena wannan ai adabin kasuwar Kano ne, ba wani sabon abu ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 ake yinsu. Mun sha karanta su a shagon haya.

Malam_Nazari:
Abu_Safwan, ina ganin ba su ba ne. Na kasuwar Kano da ka sani ana kai su maɗaba'a ne, da bango mai launi, da sunan marubuci ko marubuciya ƙarara, sau da yawa har da lambar waya da jerin littattafan da ke tafe. An yi su ne don a sayar, shi ya sa ake raba labari ɗaya zuwa na ɗaya da na biyu da na uku. Dillalai na ɗauka daga Kano su watsa Kaduna da Sakkwato har Nijar. Abin da yaron nan ya kwatanta kuwa ba farashi, ba suna, kuma gajerun labarai ne na mutane da yawa a wuri ɗaya. Ba kasuwa aka nufa da shi ba.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai irin wannan al'ada, suna ce wa 'yar ƙasidar zin, an gutsuro kalmar ne daga magazin. Masu son labaran ƙirƙirar kimiyya a Amurka suka fara ta wajen 1930, suna gurzawa da sitensil suna aika wa juna ta gidan waya. Da kamfanin Xerox ya fito da injin fotokwafi mai amfani da takarda ta gama-gari a 1959, sai abin ya yi sauƙi, har matasan Ingila da Amurka suka rungume shi a shekarun 1970. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet kuma akwai samizdat, wato bugun kai da kai. Can tsoron hukuma ne ya haifar da shi: mutum ya buga rubutun da aka haramta a tafireta, ya jera takardar kabon don ya sami kwafi huɗu ko biyar a bugu ɗaya, ya miƙa wa wanda ya yarda da shi, shi ma ya sake bugawa.

Alaramma_Rigasa:
Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya yi, amma ba sai mun je Amurka ba. Kafin boko ya zo, ta yaya waƙoƙin Shehu Usmanu da na Nana Asma'u suka isa ƙauyuka? Almajiri ya ari takarda, ya kwafa da tawada da alƙalamin kara, ya mayar, wani ya kwafa daga nasa. Har yau a bakin masallatan Juma'a za ka ga ana sayar da ƙasidun ajami waɗanda rubutun hannun wani ne aka ɗauki hotonsa aka buga. Mu mutanen kwafa ne tun asali. Injin ne kawai baƙo.

Malam_Nazari:
Na karɓi gyara, Alaramma. Haka ne.

Baba_Mai_Inji:
Salamu alaikum. Ba ni da yawan magana a zauren nan, amma wannan ta taɓo sana'ata. Na yi shekara goma sha huɗu ina riƙe da shagon fotokwafi a Tudun Wada, kusa da Poli.

Ɗana, shafi na 7 zuwa 10 da ka ce babu, takarda ɗaya ce tak ta faɗi, ita ce ta tsakiya. Ka lissafa: takarda ɗaya in an ninke ta tana ba da shafi huɗu. Takarda huɗu shafi 16 ke nan. Ta waje tana ɗauke da 1 da 2 da 15 da 16, ta can ciki kuma 7 da 8 da 9 da 10. A kanta bakin fin yake lanƙwashewa, in ya yi tsatsa ita yake fara ci. Shi ya sa kullum ita ke fara ɓacewa. Ka koma wajen dattijon nan ka roƙe shi ya zazzage buhun, tana iya kasancewa a ƙasa ko ta shige cikin wani littafi.

Wanda ya yi waɗannan ya san aiki. Jera shafuka ba wasa ba ne, sai ka ɗora 16 a hagu 1 a dama, ka juya baya ka sa 2 da 15, in ka yi kuskure ɗaya duk rim ɗin ya tafi a banza. Sannan sitefula ta ofis ba ta kai wa tsakiyar takarda. Ko dai ka sami mai dogon hannu, ko ka buɗe bakinta ka danna a kan katifa ko soso, ka juyo ka lanƙwashe fin ɗin da bakin cokali.

Masu kawo irin wannan aiki na san su da yanayi. Ba sa zuwa da safe lokacin cunkoson ɗalibai. Sai bayan la'asar, ko ranar Lahadi. Kwafi ashirin, talatin, ba ya wuce hamsin. Suna tsaye a kanka har ka gama, kuma ko wadda ta lalace ba sa bari a kwandon shara, sai sun tattara sun tafi da ita. Mai zanen fitila dai ban tuna ta ba, ba zan yi ƙarya ba. Na tuna wata mai zanen tsintsiya, wasu 'yan mata uku ke kawowa.

Ɗan_Tudun_Wada:
Allah ya saka da alheri Baba. Gobe in sha Allahu zan koma.

Sadiq_Kawo:
Ni fa ina da ja. Mutumin kirki me zai sa ya ɓoye sunansa? In abin alheri ka rubuta ka sa sunanka mana. Yawancin abin da ake ɓoyewa batsa ne ko zagin mutane. Kada mu zo muna yabon abin da in 'ya'yanmu suka ɗauko za mu ƙwace.

Ɗan_Tudun_Wada:
Yaya Sadiq, na karanta guda bakwai ɗin daga bango zuwa bango. Babu batsa ko ɗaya. Akwai dai maganganun da ba a saba jinsu a fili ba. Akwai labarin yarinya 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye, da abin da ɗan masu gida ya yi mata, da yadda uwar gida ta rufe zancen da turmin atamfa. An rubuta shi da kunya, amma an faɗi abin.

Maman_Ilham:
Malam Sadiq, ka bar ni in ba ka amsa, don ni na yi irin wannan rubutu. Ba wannan mai fitilar ba, tamu daban ce, mu huɗu ne, dukkanmu malaman makarantar firamare a Unguwar Rimi da Badarawa.

Lokacin ina gidan miji na fari, cikin gidan gandu, da surukai da facaloli. Na rubuta labarin wata mata da aka saka tana jego. Ba labarina ba ne, na maƙwabciyarmu ce ta ƙuruciya, na sauya komai. Amma da sunana ya fito a kai, wa zai yarda? Cewa za a yi na kwashe sirrin gida na kai kasuwa. Namiji in ya rubuta labarin ɓarawo ba a ce shi ɓarawo ne. Mace kuwa duk abin da ta rubuta sai a ce da kanta take. Kuma ka tuna a 2007 an tara littattafan Hausa an ƙona a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Labarin ya iso mana nan, ko da yake ba jiharmu ba ce. Wadda take da suna a bangon littafi a wannan lokaci ta san abin da ta ji a gidansu.

Mukan haɗa kuɗi ƙarshen wata mu sayi rim ɗaya. Mu ba ƙawaye, su ba nasu ƙawayen, a wajen biki ko a islamiyya bayan an tashi. Sai ka ga kwafi ya dawo hannunka bayan wata uku, ya sha manja, an yi rubutu a gefe: “Wallahi haka aka yi wa yayata.” Wannan rubutun gefen ya fi mini duk wani yabo. Mun yi fitowa shida, aure da canjin wurin aiki suka raba mu. Ɗaya daga cikinmu ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Hafsy_Malali:
Amin ya Allah. Anti, kina da sauran kwafi?

Maman_Ilham:
Biyu, suna cikin akwatin lefena. Ko 'ya'yana ba su san da su ba.

Sadiq_Kawo:
Hajiya ki yi haƙuri, ban nufe ki ba, kuma na fahimci uzurinki. Amma ban janye duka ba. Na taɓa ganin takardar da aka watsa a unguwarmu ba suna, an ƙaga wa wani bawan Allah sharri, har ya bar unguwar. Rashin suna yana kare mai gaskiya, yana kuma kare maƙaryaci. Wannan ne tsorona.

Injiniya_Bash:
Takardar sharri daban, ƙagaggen labari daban, Malam Sadiq. Ita waccan sunan mutum take kamawa.

Ni abin da ya taɓa ni labarin mai rediyon nan ne. Mahaifinmu ya yi shekara ashirin da biyu a wata masaƙa a Kakuri. Waɗanda ba su ga Kakuri da Makera a lokacin ba ba za su gane ba. Tun 1957 aka fara saƙa a wurin, in aka tashi daga aiki kekuna ne kamar fari, masu abinci da masu hayar ɗaki duk a kansu suke ci. Da aka rufe, Baba ya kan zauna a ƙofar gida tun asuba da hularsa, ba ya cewa komai. Kunnensa ɗaya ma ya riga ya mutu saboda ƙarar inji. Jaridu sun yi ta rubuta adadin waɗanda suka rasa aiki, amma ban taɓa karanta inda aka rubuta yadda daren irin su Baba yake ba. Wanda ya rubuta wannan labari ko shi ma'aikaci ne ko a ɗakin ma'aikaci ya tashi. Ɗan_Tudun_Wada don Allah ka ɗauki hotonsa ka turo mini.

Zee_KASU:
Ni ɗaliba ce a sashen Hausa. Gaskiya a aji daga gasar 1933 ake faro mana tarihin ƙagaggun labarai, sai kamfanin Gaskiya, sai hukumar adabi ta NORLA, sai kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, sai a tsallaka zuwa na kasuwar Kano. Irin waɗannan ba a ambatonsu sam. Kuma duk da nan Kaduna aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ba mu da wani abu da za mu nuna na garin nan.

Malam_Nazari:
'Yata, gyara kaɗan: a Zariya aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. Ta Kaduna ita ce New Nigerian, 1966. Dalilin da ya sa ba a koya muku waɗannan kuwa, mai nazari da abin da ya tarar a laburare yake aiki. Doka ta ce duk wanda ya buga littafi ya kai kwafi uku Laburaren Ƙasa, can ne kuma ake karɓar lambar shaidar littafi ta ISBN. Wanda ya yi kwafi talatin a ɓoye ba zai je ya kai kansa ba. Saboda haka a idon laburare kamar ba a taɓa rubuta su ba. Gara da ɗanshin damina da masu ƙosai su ne suka gaje su.

Zee_KASU:
Na gode Malam. To ai sai a yi sikanin ɗinsu a ɗora a intanet kowa ya samu. Ni zan iya yi kyauta. Anti Maman_Ilham ke ma ki kawo naki.

Maman_Ilham:
A'a 'yar nan, nawa dai ban yarda ba. Na rubuta wa mata talatin ne da na san irin zamansu. Intanet ba ta da ƙofa. Rubutun hannuna ne a ciki, wanda duk ya zauna a ajina ko ya ga takardar da na sa wa hannu zai gane shi. Kuma ba ni kaɗai ba ce, akwai labaran sauran ukun, ɗaya tana kabari, ba ni da hanyar neman izininta. Masu fitilar nan ma ku yi tunani. Mai labarin musayar gida ya san garin da yake zaune. Wanda ya ga rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 da idonsa ya san dalilin da zai sa mutum ya rubuta wannan ya ƙi sa suna.

Injiniya_Bash:
Hajiya maganarki ta sa jikina ya yi sanyi, don ni ne na fara cewa a turo. Amma in ba a adana ba fa? Yanzu da yaron nan bai je neman littafin lissafi ba, da an ƙunshe gyaɗa da su.

Baba_Mai_Inji:
Adanawa daban, watsawa daban. Ɗana, ga abin da za ka yi ko ba ka ɗora ko'ina ba. Ka cire fin ɗin a hankali tunda ya yi tsatsa, ka ɗinke da zare. Kada ka sa su cikin fayil ɗin roba mai laushi, kuma kada ka yi musu laminetin. Baƙin fotokwafi ba tawada ba ce da ke shiga cikin takarda, hoda ce da zafi ya narkar ya liƙa a sama. In ta daɗe jikin roba cikin zafin Maris da Afrilu sai rubutun ya tashi ya koma jikin robar. Na ga takardun shaidar mutane da yawa sun lalace ta haka. Ambulan na takarda ya fi, a sama, nesa da bango.

Malam_Nazari:
Akwai kuma Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda yake cibiyar adana takardun tarihi ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Mai nazari ya je ya zauna ya karanta a wurin, wannan ba ɗaya yake da yawo a WhatsApp ba. Sai ka je ka tambaye su ko suna karɓar irin wannan.

Ummu_Khairat:
Ni tambayarsa ta uku nake so in amsa, wai ko har yanzu ana yi. Ana yi mana, waya ce ta maye gurbin takarda. Dubi zaurukan marubuta na WhatsApp da Facebook da Wattpad, mata nawa ne ke rubutu da laƙabi irin nawa? Ga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, gajerun labarai ne na mata zalla. Yau Maman_Ilham ba ta buƙatar rim.

Hafsy_Malali:
Ba ɗaya ba ne Ummu. Na waya in kin sake shi ya fita hannunki, gobe ki gan shi an cire sunanki an sa na wata, ko ana karanta shi a YouTube ba da saninki ba. Kuma masu karatu na kan marubuciya kullum, “Anti a ci gaba”, “Anti kada ki kashe mana wane”, har ta koma rubuta abin da suke so. Mai fitila ba wanda ya tsaya a kansa. Ni na fi shekara ina tunanin haɗa labaraina huɗu, yau bayanin Baba_Mai_Inji ya nuna mini yadda ake jera shafukan.

Baba_Mai_Inji:
Ki fara ninke fararen takardu huɗu ki rubuta lamba 1 zuwa 16 a jiki, sannan ki warware. Za ki ga inda kowane shafi ya faɗa. Da wannan za ki je shago.

Abu_Safwan:
Da tsadar takarda da kuɗin man janareta na yanzu? Allah ya taimaka. Ni har yanzu ina ganin da sun kai maɗaba'a da yanzu muna da su a hannu, ba ma neman shafi huɗu a gindin buhu.

Ɗan_Tudun_Wada:
Jama'a na dawo daga kasuwa. Baba mai littafi ya zazzage mini buhu biyu, Allah ya saka masa. Takardar tsakiyar ta 5 ba ta nan. Amma mun tsinci bangon ta 8 shi kaɗai, a bayansa an rubuta da jan biro: “In kin gama ki ba Maman Baby, kada ki bari ya kwana a falo.” Ke nan ta hannun mata su ma suka bi.

Yaya Bash, na ji maganar Hajiya, ba zan turo hoto a zaure ba. In kana Kaduna mu haɗu ka karanta a hannuna. Na cire fin ɗin kamar yadda Baba_Mai_Inji ya ce.

Roƙona ɗaya: duk wanda ke da yaya ko gwaggo da ta zauna a Tudun Wada ko Kakuri ko Unguwar Sanusi a waɗancan shekaru, ya tambaye ta ko ta san ƙasida mai zanen fitilar ƙwai. Ta 5 nake nema, shafi na 7 zuwa 10.

Maman_Ilham:
Ɗana, fitilar tana da gilashi ko babu? Kuma harshen wutar a miƙe yake ko ya karkata gefe? Akwai wadda nake so in kira, amma sai na tabbata.